Kafin ka ce "Allah ya ce mini"

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Akwai wata magana da ta yi araha a bakinmu kwanakin nan: "Allah ya ce mini." Saurayi ya tare 'yar'uwa a bakin majami'a bayan an tashi daga koyon waƙa, ya ce Ubangiji ya nuna masa a mafarki ita ce matarsa. Ita kuwa ba a nuna mata komai ba, amma tana tsoron ta ce a'a kada ta yi jayayya da Allah. Wani ya kwashe kuɗin takin da ya tara ya tura wa "annabin" da bai taɓa gani ido da ido ba, don a faɗa masa wanda ya tare masa hanya. Littafi Mai Tsarki kuwa yana can kan durowa tun Lahadi, takardar sanarwar makon jiya na ciki ba ta motsa ba.

Allah yana magana, wannan babu musu. Yesu da kansa ya ce tumakinsa suna jin muryarsa, suna kuma binsa (Yahaya 10:27). Wani lokaci har ta mafarki yakan yi, kamar yadda ya yi wa Yusufu mijin Maryamu. Amma ba kowace murya ce tasa ba. A zamanin Irmiya, annabi Hananiya ya tsaya cikin Haikali ya ce kafin shekara 2 za a karya karkiyar Babila. Magana mai daɗin ji, kowa na so. Irmiya ya ce shekara 70 ne. Hananiya bai ga ƙarshen wannan shekarar ba, ya mutu. Ubangiji ya riga ya ce mai mafarki ya faɗi mafarkinsa, mai maganarsa kuma ya faɗe ta da aminci, domin me ya haɗa ƙaiƙayi da alkama? (Irmiya 23:28).

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Iyayenmu da yawa da shi suka koyi karatu, da fitilar ƙwai. Yau yana cikin wayarka, amma kana jiran wani ya ji maka daga sama. Duk abin da aka ce maka "in ji Ubangiji", ka kai shi gaban Maganar. Mutanen Biriya ma da Bulus ya yi musu wa'azi, sai da suka riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, kuma an yaba musu. In Bulus bai ji haushi ba, don me fastonka ko annabinka zai ji? Muryar da ta ce ka saki matarka, ko ka ƙi mahaifiyarka wai mayya ce, ba sai ka yi azumi a kanta ba. An riga an rubuta amsar.

Sai kuma manya. Yaro Sama'ila ya ji kira sau uku a Shilo, duk yana rugawa wurin Eli. Eli tsoho ne, idonsa ya dushe, 'ya'yansa sun gagare shi, amma shi ne ya gane Ubangiji ne ke kira, ya koya wa yaron abin da zai ce. Dattijon ikkilisiyarku da kake gani bai iya Turanci ba, da wannan Mamar ta Zumuntar Mata, ka taɓa zama ka faɗa musu abin da kake ji a zuciyarka? In kana ɓoye musu, ka tambayi kanka dalili.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Ayyukan Manzanni 16. Ruhu Mai Tsarki ya hana su Bulus yin wa'azi a Asiya. Suka nufi Bitiniya, aka sake hana su. Ba a ba su dalili ba, ba su kuma zauna ba, suka ci gaba da tafiya har Taruwasa. Nan ne Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙo su haye su taimake su. Shi kaɗai ya gani, amma tare suka tabbatar kiran Allah ne. To ina kiran ya kai su? Filibi, inda aka yi wa Bulus da Sila dūka, aka jefa su kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Mu da yau muke auna jagorar Allah da buɗi da kwanciyar hankali, da mun ce sun yi kuskuren ji. A wannan kurkukun ne mai tsaron ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma da dukan gidansa a daren.

Ki karanta wannan surar yau, 'yar'uwa, ka karanta ta, ɗan'uwa, tun daga aya ta 6 har ƙarshe. Wadda kuma aka tare da zancen mafarki, ki ce masa ya je ya faɗa wa fasto da iyayenki, ke ma za ki yi taki addu'ar.

Ubangiji ya buɗe mana kunnuwa. Amin.