Hulata a Bayeux

Mutuminku, wato abokin tafiyata, shi ne ya ja mu zuwa Normandi, wai kada mu bar Faransa ba mu ga ƙyallen Bayeux ba, kafin a rufe wurin don gyara a 2025. Ni kuma tun a jirgin ƙasa nake cika baki: wanda ya tashi a gidan masu ɗinkin hula, wane aikin allura ne zai burge shi?

To ƙyallen dai ya isa kallo. Tsawonsa kusan mita 70, fāɗinsa rabin mita, zaren ulu a kan lilin, labarin yadda Wiliyam na Normandi ya ƙetare teku ya ci Ingila a 1066. Ga jirage, ga tauraruwa mai wutsiya, ga Harold, sarkin Ingila, a filin yaƙin Hastings. Ɗakin duhu-duhu, kowa ya manna na'ura a kunne tana ba shi labari, layi na tafiya shiru kamar zaman makoki.

Wani doki ne ya ja ni, ƙafafunsa ba launi ɗaya da jikinsa ba. Na ce bari in ga yadda suka shimfiɗa zaren suka danne shi da wani a gicciye. Na sunkuya. Na ƙara sunkuyawa. Gilashin nan an goge shi har ba a ganinsa.

Ƙwam!

Wallahi har ƙarshen ɗakin an ji. Hula ta yi tsalle ta gangara, sanƙon da shekara da shekaru nake rufa wa asiri ya fito fili, fitilar akwatin tana haska shi. Layi ya tsaya cak.

Wata tsohuwa ce ta tsince ta. Na miƙa hannu, na ce mata na gode, Madam. Ina! Sai ta gyara tabarau ta shiga duba ɗinkin, tana bin zanen da farce, ta taɓo ƙawarta. Ni ina tsaye, hannu a miƙe, goshi na zafi. Can ta juya cikin hular don ta ga bayan aikin, ga zoben gumi da maiƙo ya zagaye bakin. Ta dube shi, ta dube ni, ta miƙo min da yatsu biyu.

Duk wannan bai ci min rai ba kamar mutuminku. Mutumin da na biya wa tikitin jirgi, na ara masa rigar sanyi da har yau bai mayar ba, shi ne ya matsa gefe yana nazarin dawaki kamar bai taɓa ganina ba, kafaɗunsa na rawa. A waje ya ce, "Alhaji, yaya aikin, ya kai na gidanku?" Kuma kafin yamma labari ya isa Damagaram, har an ƙara cewa gilashin ya tsage.

Bai tsage ba. Rigar sanyin kuma ina jira.