A bar yaran Jos su taka ƙasa

Ranar Talatar da ta wuce da la'asar na je ɗauko 'yata a gidan matar da take rainonta a nan Sheffield ta Ingila. Na same ta a bakin ƙofa, taɓo tun daga takalmin roba har gwiwa, hanci na yoyo, hannu a dunƙule. Da ƙyar ta yarda ta buɗe. Ɗan dodon koɗi ne a ciki, wai ɗanta ne, sanyi yake ji. A daren nan kuma Yayata ta turo mini bidiyo daga Anguwan Rogo a Jos. Autanta ne, wanda ya girmi 'yata da wata biyu kacal, sanye da yunifom, yana tsaye ƙiƙam yana jero jihohi 36 da manyan biranensu. Ta rubuta a ƙasa, "Ga ɗanki nan, Masha Allah." Na ce Masha Allah, kuma har zuciya na faɗa, don yaron akwai kai. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin dukkansu shekararsu 3 ne, kuma na san wanne daga cikinsu ya wuni yana abin da ya dace da shekarunsa.

Matar da take rainon 'yata ba makaranta gare ta ba. Gidanta ne na kwana, da kicin da ɗan fili a baya. Ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da masu raino a Ingila, an binciki tarihinta wajen 'yan sanda, ta koyi agajin gaggawa na ƙananan yara. A ƙa'idar Ingila ba za ta riƙe fiye da yara 6 'yan ƙasa da shekara 8 ba, a cikinsu ƙanana 3 kawai, jariri kuwa ɗaya. Kusan kullum da safe takan sa musu rigar ruwa ta kwashe su zuwa dajin Ecclesall, ko ana yayyafi ko ana sanyin da ke huda ƙashi. Ba ta tafiya da allo ko littafi. Ruwan sha, abin taɓawa, jakar magani, shi ke nan.

Wata rana da nake hutu na bi su. Akwai wata bishiya da ta faɗi, jikinta duk gansakuka. Kafin in ankara 'yata ta ɗare kanta tana rarrafe. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba: "Ke! Sauko maza!" Sai matar ta dafa hannuna, ta matsa kusa da itacen inda za ta iya cafe ta, ta tambaye ta a hankali ina za ta sa ƙafarta yanzu. Yarinyar ta tsaya, ta duba, ta taka wani wuri ta ji santsi, ta janye, ta nemi wani. Ta fi minti biyar a kan abin da zan iya ɗauke ta in dire a ƙifta ido. Da ta sauka ba ta ko kalle mu ba, komawa ta yi ta sake hawa. A ranar na gane aikin matar. Tana kusa, idonta na kan yaro, bakinta a rufe. Yaron ne ke zaɓen abin da zai yi, ko da tonon tana ne daga safe har azahar.

Turawan Ingila ma aro suka yi. A 1993 wasu malaman kwalejin Bridgwater suka je Denmak, suka ga yadda ƙananan yara ke wuni a daji, suka dawo da tsarin da yanzu ake kira makarantar daji. Ni kuwa da nake kallon yaran nan suna dama taɓo da tsinke, ba Denmak na tuna ba. Gangare na tuna, unguwar da muka tashi a Jos.

A layinmu akwai wata tsohuwa, kowa Inna yake ce mata. Tana zama a gindin mangwaro da farantin ƙuli-ƙuli da daddawa a gabanta, kuma duk uwar da aiki ya sha wa kai sai ta ce, "Ku je wajen Inna." Ba a biyanta, sai dai kwanon tuwo da dare da turmin atamfa da salla. A gabanta muka yi tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, muka sassaƙa 'yartsana da kara, maza suna ƙera mota da langalanga suna bin fara da ƙadangare. Mun yi langa, mun yi 'yar carafke har yatsu su yi fari. Da muka ɗan tasa sai hawan dutse, don Jos gari ne da duk inda ka waiga akwai dutsen hawa. Da damina mukan tare ruwan da ke gangarowa mu yi madatsa, mu ga wanda tasa za ta fi daɗewa. Da hunturu ƙafa ta yi faso a shafa mana man kaɗanya mu sake fita. Inna ba ta taɓa ce mana ga wasan da za ku yi ba. Takan ɗaga murya ne kawai idan wani ya doshi titi, ko ya kai hannu ga ƙerana, saboda ruwanta idan ya shiga ido masifa ne.

Ba zan yi wa Yayata rashin adalci ba. Garin da muka tashi ba shi ne garin da take rainon 'ya'yanta ba. Duk wanda ya ga rikicin Jos na Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010, ya san abin da ya sa uwa take son ɗanta a bayan ƙofa mai kwaɗo. Unguwanni sun rabu, wanda aka koro daga can ya dawo nan, filin da muke ƙwallo ya zama gidajen haya, akwai duwatsun da yanzu ba kowa ke iya zuwa ba. Ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda suka ci yara ba adadi. Ga tsoron masu satar yara. Kuma rainonmu na dā yana da nasa aibin da ba na so a rufe: yarinya 'yar shekara 8 da goyo a baya daga safe har dare, sa'o'inta suna makaranta. Na san irinsu, wasu har yau ba su iya rubuta sunansu ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin da muka samo. Da na je gida a Disambar bara na raka Yaya ɗauko yaron. Shago ne aka mayar aji, taga ɗaya, yara sun haura 20, 'yan mata biyu na fama da su. Talabijin na ta ihu a sama, wata jaririya ta yi barci a zaune kanta a kan benci. Ba na ganin laifin 'yan matan, albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma abin da iyaye ke nema suke bayarwa. Mu ne muke tambaya me ya sa ba a ba ɗan shekara 3 aikin gida ba. Mu ne muke auna makaranta da yawan Turancin da yaro ya haddace, kuma idan ya dawo da datti a riga mu ce ba a kula da shi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2019 ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, kada a zaunar da shi wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. Ita ma manufar ilimi ta ƙasarmu cewa ta yi wasa ne babbar hanyar koyar da yaran da ba su shiga firamare ba. A takarda muke da shi.

Kada kuma a ɗauka nan Ingila aljanna ce. Kuɗin raino na cin kaso mai tsoka na albashina, duk da awa 15 a mako da gwamnati ke biya wa 'yan shekara 3. 'Yata ba ta san sunan maƙwabcinmu ba. Babu wanda zai tsawatar mata a hanya don yana ganin ɗa na kowa ne. Ta san sunan bishiyoyi da Turanci, ba ta san ɗinya ko atile ba, kuma idan na ce mata "zo nan" da Hausa takan amsa da wani harshe. Wannan yana mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. A hunturu ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi. Jos kuwa, da take sama da mita 1,200 daga teku, Allah Ya ba ta yanayin da yaro zai wuni a waje kusan duk shekara ba zafi ya gasa shi ba.

Shi ya sa nake ganin abin da ya dace da mu ba wani babban gini ba ne. Unguwanninmu cike suke da matan da za su iya: malamar da ta yi ritaya, bazawara mai marayu, yarinyar da ta gama NCE tana zaune. Mace ɗaya, yara huɗu ko biyar, gida mai tsakar gida da inuwa. A biya ta kuɗi na mutunci duk wata, ba kwanon tuwo ba. 'Yan agaji su koya mata abin da za ta yi idan yaro ya shaƙe ko ya ƙone ko kunama ta harbe shi. Mai unguwa ya san da ita, iyaye su iya faɗowa kowane lokaci ba sallama ta waya. Da safe ta fita da su inda ta san lafiya lau ne, ko lambun wani dattijo ne su ga yadda ake ban ruwan kabeji da karas. Lokaci-lokaci iyaye su haɗa kuɗin mota a kai su gidan zu da ke kusa da gidan tarihi, ko gandun namun dajin da yake nan tun 1972, a kuma bar su su tsaya inda suke so, ko da wajen jerin tururuwa ne ba wajen zaki ba.

Na faɗa wa Yaya duk wannan a waya. Ta saurara, ta ce, "Ke kina can kina tsara mana, mu muka san abin da muke gani." Ban musa ba. Sai ta ce ranar Asabar magini zai zo ya shafe tsakar gidan da siminti saboda caɓin damina. Na roƙe ta alfarma ɗaya, ta bar wajen gindin gwaibar nan, ko taku huɗu ne, ta sa a juye masa buhun yashi biyu, ni zan biya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wa zai riƙa wanke kayan?" Na ce har kuɗin sabulu. Ta ce za ta yi magana da Baban yara.