Kakar LSU ta 2019 da gurbin da jami'o'inmu suka bari

A jihar Luwiziyana ta Amurka, inda nake zaune, har yau idan hira ta kai ga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka sai an dawo kan kakar 2019, shekarar da ƙungiyar jami'ar jihar Luwiziyana, wato LSU, da ke Baton Rouge ta buga wasa 15 ta cinye su duka. A watan Nuwamba ta bi jami'ar Alabama har gida ta doke ta 46 da 41, bayan ta sha kashi a hannunta sau takwas a jere, sannan ranar 13 ga Janairun 2020 ta lallasa jami'ar Clemson 42 da 25 a New Orleans ta ɗauki kofin ƙasa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duk wannan hidima ta ɗalibai ce. Filin jami'ar yana cin mutum sama da 100,000, kuma ranar wasa tun da hantsi magoya baya suke kafa rumfuna a harabar makaranta, kowa sanye da shunayya da ruwan ɗorawa, ana tuƙa shinkafa dafa-duka da suke kira jambalaya a manyan tukwane, baƙo ma in ya gitta sai an zuba masa. Da kuɗin tikiti da na talabijin da gudummawar tsofaffin ɗalibai ƙungiyar take tafiya.

Mu ma ba son ƙwallo muka rasa ba. Wanda ya ga yadda filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yake cika lokacin da Kano Pillars ta ɗauki gasar Najeriya sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, ya san haka. Sai dai Pillars ta gwamnatin jiha ce, jami'o'inmu kuwa babu su a lissafi, domin ana gasar NUGA ta wasannin jami'o'in Najeriya a gama, mutumin gari bai san wanda ya ci ba. Ahmed Musa ta makarantar horon ƙwallo a Jos ya fito, kuma akasarin yaranmu masu baiwa tun suna ƙanana ake tilasta musu zaɓi tsakanin aji da fili.

Tsarin Amurka ma yana da nasa zaluncin. A 2019 mai horar da LSU Ed Orgeron yana karɓar miliyoyin daloli, alhali yaran da suke karya ƙashinsu ba su da albashi in ban da tallafin karatu, kuma sai a Yulin 2021 aka ba su damar cin kuɗin talla da sunansu. Duk da haka na fi son tsarin da bai raba yaro da littafi ba. Joe Burrow, ɗan wasan LSU wanda ya jefa ƙwallon da ta kai ga ci har sau 60 a kakar kuma ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ya bar jami'ar Ohio State ne da digirinsa na farko a hannu bayan ya gaji da zaman benci, ya kuma kammala na biyu a LSU kafin ƙungiyar ƙwararru ta Cincinnati Bengals ta ɗauke shi a matsayin zaɓin farko cikin 'yan wasan jami'o'i a 2020.