Lesin na dogon hutu bai kamata ya zama dole ba

Na karanta labarin bikin rufe zango na uku da raba kyaututtuka a wata makarantar sakandare, kuma na taya ɗaliban da suka kammala SS3 murna. Allah Ya ba su sakamako mai kyau a WAEC da NECO, Ya saka wa malamansu da alheri.

Inda nake da ja shi ne sanarwar cewa kowane ɗalibi sai ya halarci lesin a watan Agusta. Ni uwa ce, 'ya'yana biyu suna makarantar kuɗi. Yaro ya kwashe tun Satumba har Yuli yana sammako, sannan 'yan makonnin da zai huta a ce ya koma aji? A wannan hutun ne babban ɗana yake zuwa gonar kakansa, damina ta yi tsaka, ya san yadda ake noman gero. Ƙanwarsa kuwa lokacin take samun sukunin hadda a Islamiyya da koyon ɗinki. Wannan ma ilimi ne. Ga kuɗin Adaidaita Sahu, wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zame wa iyaye kaya.

Masu shiga SS3 da JSS3 ban ƙi a yi musu ba, jarabawa ce a gabansu. Sauran a bar wa iyaye zaɓi.

Kuma don Allah, Malam shugaban makaranta, idan za a ƙara kuɗin zango ko a canja littattafai, a faɗa mana yanzu a takardar sakamako, kada sai ana gobe komawa.