Ba dala kaɗai ke juya daliget ba

Akwai wani aminin mahaifina da muke ce wa Kawu, yana da shagon taki da maganin feshi a bakin kasuwar garinmu, ya yi daliget, wato wakilin jam'iyya mai kaɗa ƙuri'a, a zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a 2022. Wajen wata biyu kafin tafiyarsu Abuja fastar mutum ɗaya ce manne a ƙyauren shagonsa, in ka zauna a bencinsa ko ruwa ba ka gama sha ba zai fara maka bayanin mutumin nan, wai shi ne mai ilimi, shi ne ya san ciwon talaka, shi kaɗai ne in ya hau za a ga canji. Da suka dawo sai na ga an ɓanɓare fastar, saura ɓurɓushin takarda da alamar gam a jikin ƙarfen.

Na bari sai da mutane suka ragu sannan na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, ya aka yi mutumin naka bai samu ƙuri'arka ba?"

Ya ɗan yi shiru yana juya carbi, can ya ce, "Ɗana, in maganar kuɗi kake nufi, kowa ya bayar, kuma wanda na zaɓa ba shi ya fi bayarwa ba. Wajen ƙarfe ɗayan dare aka tara mu a harabar otal aka ce ga inda jiha ta dosa. Na duba na ga nawa ɗin ba zai kai labari ba. To in jefa ƙuri'ata a rijiya, in dawo gida in zauna da wa?"

Maganar nan ta daɗe tana min yawo a ka, don ta rusa min abin da na ɗauka na sani. Mu dai a majalisa hukuncinmu ɗaya ne, daliget ɗan kasuwa ne, wanda ya fi taya shi shi zai sallama wa. Kuma ba ƙarya ba ne kuɗi na yawo, ai ba a banza jami'an EFCC suka bayyana a wuraren tarukan PDP da APC a shekarar ba, kuma Mohammed Hayatu-Deen da ya janye daga takarar PDP dab da zaɓen abin da ya yi kuka da shi kenan, cewa an mai da abin na masu kuɗi. Tun daga fom ma an nuna wa talaka iyakarsa, APC naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Amma tsaya ka yi lissafi, an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to mutumin da ya ci ladan kutare biyar kuma aska ɗaya ce a hannunsa fa? Dole akwai wani abu bayan kuɗin da yake raba gardama, kuma ni a ganina abu biyu ne, bakin gwamna da kuma tambayar nan ta wa zai ci.

Duba zaɓen fidda gwanin APC na 2014. A filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, cikin watan Disamba, Buhari ya samu ƙuri'a 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, Rochas Okorocha 624. Duk wanda ya san mutanen nan ya san ba Buhari ne mai aljihu a cikinsu ba, shi da kansa ya gaya wa daliget ba shi da abin da zai raba musu. Me ya ja su to? Kowa ya ga mutumin nan ya kwashi ƙuri'a sama da miliyan 12 a 2011 da jam'iyyar CPC wadda ko shekara biyu cikakku ba ta yi da kafuwa ba, kuma ɓangaren Tinubu na Kudu maso Yamma da mafi yawan gwamnoni sun riga sun tsaya a kansa. Daliget ɗin da zuciyarsa ke wajen wani sai ya auna ya ga in ana so a kada Jonathan to ga dokin da za a hau, shikenan ya bi. Wannan ma sauyin ra'ayi ne, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi cin amana ba, saboda ya dace da abin da talakawa ke so a lokacin.

Na 2022 ne ya fi nuna abin tsirara. Sabuwar dokar zaɓe da aka sa wa hannu a watan Fabrairun shekarar, sashe na 84(8), ta bar zaɓaɓɓun daliget ne kaɗai su yi zaɓe, wato su shugaban ƙasa da gwamnoni da sanatoci da tsofaffin 'yan majalisa da suka saba shiga kai tsaye duk an bar su a waje, majalisa ta yi sauri ta gyara amma Buhari bai sa hannu ba har aka yi aka gama. Sai ya zama PDP mutum ɗaya ne daga kowace ƙaramar hukuma, APC mutum uku, wato 2,322 daga ƙananan hukumomi 774. Kano mai ƙananan hukumomi 44 tana da 132 a APC, Katsina 102, Legas duk yawan jama'arta 60. To don Allah wa yake rubuta sunayen mutum ukun nan a ƙaramar hukumarku? Ka taɓa halartar taron da aka zaɓe su? A takarda dai zaɓe ne, a zahiri kuwa a mafi yawan wurare lis ne ake kawowa daga gidan gwamnati ko daga gidan jagoran jam'iyya in jihar ba tasu ba ce, kuma ba a sa sunan wanda ake shakkar zai yi gardama.

Ranar 28 ga Mayu a zaɓen PDP a filin wasa na MKO Abiola da ke Abuja, Aminu Tambuwal, gwamnan Sakkwato na lokacin, ya hau mumbari ya yi jawabin neman ƙuri'a kamar kowa, ya sauka, can sai ga shi ya sake dawowa ya ce ya janye, magoya bayansa su zaɓi Atiku. Sakamako, Atiku 371, Wike 237, Saraki 70. Tazarar 134 ce kawai, kuma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a gaba ɗaya ba su kai 800 ba. Ka yi tunanin daliget ɗin da ya taso daga Sakkwato ko wata jihar da Tambuwal a ransa, cikin minti biyu an canza masa ɗan takara yana zaune a kan kujera, ba wanda ya tambaye shi, ba lokacin da zai kira mutanen mazaɓarsa ya ji ta bakinsu. Wannan ba a ce masa ya auna ya sauya, juya shi aka yi.

Na APC ma kusan haka ne sai dai ya fi tsawo. Ranar 6 ga Yuni shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka ce atafau mulki Kudu zai koma, maganar ta mutu a ranar. Da aka je Dandalin Eagle sai aka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, Akpabio, Amosun, Fayemi, Bankole, Badaru na Jigawa, duk wa Tinubu, kuma kowace janyewa saƙo ce ga wanda ke zaune yana wasi-wasi, ga inda iska ke kaɗawa. Aka tashi Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152. Osinbajo da ya cika Facebook da Twitter da magoya baya, matasa na ta yaɗa bidiyon jawabansa, mataimakin shugaban ƙasa mai ci a lokacin, na uku ya zo, domin masu yabonsa a waya ba su ne ke da katin shiga filin ba.

Ni ban ga laifin mutum ya canza ra'ayi ba, kuma ina so a fahimce ni a nan. Mu kanmu da ba daliget ba haka muke yi. Ka saurari hira a teburin mai shayi lokacin kakar siyasa, mutum zai ce wallahi wane ya fi cancanta amma ba shi da jama'a a Kudu, wani ya ce wane na so amma jam'iyyarsa ba ta da ejan a rumfuna, wani kuma da ya ji malaminsa ko uban gidansa ya karkata sai ka ga shi ma a hankali ya fara sassauta murya. Son zuciya daban, lissafin cin zaɓe daban, kuma kusan kullum lissafin ne ke rinjaye in ranar ta matso. Ko a Amurka haka abin yake. A zaɓen fidda gwanin jam'iyyar Democrat na 2020 Joe Biden na huɗu ya zo a jihar Iowa, na biyar a New Hampshire, har an fara yi masa ta'aziyyar siyasa, sai ɗan majalisa Jim Clyburn, wanda baƙaƙen fatan South Carolina ke jin maganarsa, ya fito ya mara masa baya, ya lashe jihar ranar 29 ga Fabrairu, Buttigieg da Klobuchar suka janye suka bi shi, ranar 3 ga Maris ya cinye jihohi 10 cikin 14. Cikin kwana huɗu miliyoyin mutane suka sauya, kuma abin da ya fi damun yawancinsu shi ne wa zai iya kada Trump, ga su ma da nasu jagoran da aka saurara, ga janyewa ta dab da zaɓe. Sai dai can Clyburn shawara kawai zai iya bayarwa, ba shi ya rubuta sunan matar da ta shiga layi a rumfa ba, ba zai iya hana ɗanta aiki ba in ta saɓa masa, kuma mutum miliyoyi ba sa taruwa a harabar otal ɗaya da tsakar dare.

Nan ne abin ke min ciwo game da Kawu. Ba mugun mutum ba ne, ya fi shekara ashirin yana wahalta wa jam'iyya, shi ne kwasar kujeru shi ne raba fasta, ko kansila bai taɓa yi ba, kuma ya san daga ranar da aka gama zaɓen nan ba wanda zai sake ɗaga wayarsa sai bayan shekara huɗu. Ya gaya min jiha-jiha ake kiran su su kaɗa ƙuri'a, kuma duk da an ce sirri ne shi a ransa ya yi imani in aka ƙirga aka ga gibi za a bi diddigi a gano. Ko gaskiya ne ko tsoro ne kawai, tsoron ya yi aikinsa. Mutumin da ke da 'ya'ya biyu masu neman aiki a ƙaramar hukuma, ga shagon da yake jiran a ba shi dillancin takin gwamnati, ka ce ya tsaya shi kaɗai ya bijire wa gwamna saboda ɗan takarar da ko sunansa bai sani ba? Wanda yake jin tsoro yana sama da shi. Waɗanda yake wakilta kuwa, mu kenan, ba mu da abin da za mu yi masa, yawancinmu ma ba mu san shi ne wakilinmu ba sai da muka ga ya dawo ya sake rufin kwanon gidansa.

Kuma jam'iyyun da kansu sun ɗanɗana kuɗar wannan tsari. Peter Obi ya fice daga PDP kwana kaɗan kafin zaɓen fidda gwanin ya koma Labour, Kwankwaso tun a Maris ya tafi NNPP, domin duk sun san lissafin daliget ba zai biya musu ba. A babban zaɓen 2023 Obi ya samu ƙuri'a miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5 kuma ya cinye Kano, Wike da gwamnoni huɗu 'yan uwansa suka juya wa Atiku baya, Atiku ya tashi da kusan miliyan 7 Tinubu ya ci da kusan miliyan 8.8. Ka haɗa na Atiku da Obi da Kwankwaso da duk 'yan lema ne a 2019 ka gani. Daliget ɗin PDP ɗari bakwai da 'yan kai sun zauna sun auna wa zai ci, amma da ma'aunin gwamnoni suka auna, ba wanda ya auna zuciyar masu shiga layi.

Na san za a ce to a koma 'yar tinƙe mana, ƙato bayan ƙato, kowane ɗan jam'iyya ya fito ya zaɓa. Ina goyon bayan haka, amma kar mu yaudari kanmu, mun ga irinta a 2018 lokacin da APC ta ce Buhari, wanda shi kaɗai ne ɗan takara, ya samu ƙuri'a miliyan 14.8, Kano kaɗai aka rubuta miliyan 2.9, sai ga shi a babban zaɓen 2019 abin da ya samu a Kanon bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. In babu rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya wadda kowa zai iya zuwa ofishin mazaɓa ya duba sunansa, in ba a ƙirga a gaban jama'a an manna sakamako a bango ba, to 'yar tinƙen ma alƙalamin gwamna ce, an dai rage masa kuɗin otal ne kawai. In kuma daliget za a yi amfani da su, to a zaɓe su da rana tsaka a mazaɓa, kowa ya faɗi wanda zai je ya zaɓa kafin a ɗaga masa hannu, in ya je Abuja abubuwa suka canza ya ga dole ya sauya to ya dawo ya tsaya a gaban mutanen da suka tura shi ya yi bayani. Wataƙila ma su ce ya yi daidai.

Na kawo wa Kawu wannan shawarar wata rana bayan la'asar yana auna wa wani manomi yuriya. Ya ɗaure bakin ledar ya miƙa masa, sannan ya ce min shi da za a yi haka da ya fi kowa murna, don a daren nan da aka tara su a otal abin da ya rasa kenan, da yana da mutum ɗari biyu a bayansa da suka ɗaga masa hannu da sharaɗi, da ya samu bakin cewa ranka ya daɗe ba ni kaɗai ba ne, aiko ni aka yi.