Da me ake gane ikilisiyar da ta sa aikin bishara a gaba?

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, kusan kowace ikilisiya a ƙasarmu tana da makon bishara a tsarinta na shekara. A makon nan ake ɗinka anko, mawaƙa su koyi sababbin waƙoƙi, a gayyato baƙon mai wa'azi, a karɓi baiko na musamman ranar Lahadi, daga nan kuma a naɗe tabarma sai baɗi. Ba na raina wannan ko kaɗan, domin akwai waɗanda a irin wannan taro suka fara jin kira. Amma ina roƙonku kada ku ɗauka mako ɗaya cikin 52 ya isa a ce ikilisiya ta sa aikin bishara a gaba. Abin da ke nuna haka shi ne mutanen da take aikawa, da kuma yadda take riƙe su bayan sun tafi.

Ku duba ikilisiyar Antakiya a Ayyukan Manzanni sura 13. An ambaci annabawa da masu koyarwa guda biyar a cikinta, kuma sa'ad da suke sujada da azumi Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa biyu daga cikinsu, wato Barnaba da Shawulu. Waɗannan su ne mutanen da suka yi shekara guda cur suna koyar da jama'ar, a birnin da aka fara kiran masu bi da suna Kirista. Ikilisiyar ba ta ce a bari tukuna sai ta yi ƙarfi ba, ba ta kuma nemo waɗanda rashinsu ba zai dame ta ba. Ta ɗora musu hannu ta sallame su, da suka dawo kuma suka tara ta suka ba ta labarin duk abin da Allah ya yi. Manomi na ƙwarai zangarniyar da ta fi kyau yake warewa don iri, ko da gidansa na cikin yunwa.

Mu ma ta wannan hanya bishara ta iso mana. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa, ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, sai a 1902 aka samu kafa tashar mishan a Patigi. Aikin da ya haifi ikilisiyar COCIN ya soma a Wase a 1904, na ikilisiyar EYN kuma a gindin wata tsamiya a Garkida a 1923. Sai dai yawancin ƙauyukanmu ba daga bakin Bature suka fara jin bishara ba. Kakanninmu ne suka kai ta, masu bishara manoma waɗanda suke zuwa gona da safe, da yamma su koyar da karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932. Ƙungiyar EMS ta ikilisiyar ECWA, wadda ke aika 'yan ƙasa aikin bishara, an kafa ta tun 1948, kafin ECWA kanta ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Mutanen da ba su da albashi ne suka ɗauki nauyinta da damin dawa da 'yan kwabbai.

To, yanzu da muka fi su ilimi da abin hannu, ina muka tsaya? Ranar da ma'aji ya tashi karanta rahoton kuɗi na shekara, yawancinku waje kuke fita. Ku zauna ku saurara. Ku ji nawa aka kashe a tayil da fenti da sababbin na'urorin sauti, ku kuma ji nawa aka aika wa mai bisharar da ikilisiyarku ta ce ta ɗauki nauyinsa. Wannan bawan Allah yana can wani ƙauye, babur ɗinsa ya lalace tun damina, ɗan alawus ɗinsa kan makara wata da watanni, 'ya'yansa suna gida saboda kuɗin makaranta, matarsa kuma tana sayar da ƙosai don a samu na cefane. Sau da yawa ko sunansa ba mu sani ba, balle mu ambace shi cikin addu'a. Gina majami'a mai kyau ba laifi ba ne, amma abin kunya ne a ce rufinta ya fi mu damuwa da mutumin da muka aika da hannunmu. Bulus ya yaba wa Filibiyawa domin sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba tun yana Tasalonika.

Ba kowa za a aika nesa ba, na sani, kuma halin tsaro a wurare da dama ya sa tafiya tana bukatar hikima da shawarar dattawa. Amma malamin makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da mai gyaran waya, da wanda aka tura hidimar ƙasa wani gari, kowannensu yana cikin mutanen da fasto ba zai taɓa zama da su ba. A can ake ganin ko kana cika alkawari, ko kana biyan bashi, ko kana zuwa gaisuwar rasuwa a gidan maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba. Manzo Bitrus ya ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi, saboda haka zagin addinin wani a Facebook ba aikin bishara ba ne, ƙofa yake rufewa.

Kafin taron zumuntar matasa na gaba, ku je wurin sakataren ikilisiya ku karɓi sunan mai bisharar da kuke tallafa wa da lambar wayarsa. Ku kira shi ku tambayi abin da ya fi bukata, ku yanke abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata, sannan ku nemi izinin dattawa a tura biyu ko uku daga cikinku su kwana a wurinsa idan an gama girbi.