Kamfanonin fasaha: ba a san oga ba sai kuɗi sun ƙare

Duk mai hulɗa da matasan da ke aikin kwamfuta a Abuja ya lura cewa tambayar da suke wa juna ta sauya. A da, idan kamfani ya buɗe gurbin aiki, albashi ake fara tambaya: nawa ne, da naira ko da dala, kullum ake zuwa ofis ko daga gida ake yi? Yanzu wata tambayar ta sha gaban waɗannan: "Waɗanda suka bar wurin, yaya aka rabu da su?" Kafin matashi ya tura takardunsa sai ya laluɓo wanda ya taɓa aiki a can. In aka ce masa "sun biya kowa haƙƙinsa", magana ta ƙare. In aka yi ɗan jim aka ce "kai dai Allah ya kyauta", nan ma ya samu amsa.

Wasu masu kamfanoni na jin haushin wannan, suna cewa ta yaya za a auna shekarun da suka yi suna biyan albashi da abin da ya faru a mako guda. Ni kuwa ina ganin ma'aikatan ne da gaskiya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Lokacin da kuɗin masu zuba jari ke kwarara, kowane shugaba mutumin kirki ne, ga abincin rana kyauta, ga riga mai tambarin kamfani, ga jawabi a kan kawo sauyi a Afirka. Duk wannan bai ci masa komai daga aljihunsa ko daga girman kansa ba. Ranar sallama ce ranar farko da kyautatawa ke da tsada.

Kada a ɗauka ma'aikatan ba su san halin da kasuwa take ciki ba. Sun sani sarai. A zamanin korona kamfanonin fasaha sun yi ta ɗiban mutane, suna zaton yadda duniya ta koma intanet haka za ta zauna. Da babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a Maris 2022, masu zuba jari suka ja hannu. A Nuwamban shekarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami mutum 11,000, a Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. Mu nan gida sai aka haɗa mana da faɗuwar naira: dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin da ya karɓi jari da dala, yana biyan kuɗin manhaja da na ajiyar bayanai da dala, amma cinikinsa da naira ne, dole ya ji a jikinsa. Jumia da Bolt sun rufe sashensu na kai abinci a Najeriya a ƙarshen 2023, Microsoft kuma ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas a 2024. Babu mai hankalin da zai ce kada a taɓa rage ma'aikata. Inda ake rabuwa shi ne yadda aka yi ragin.

A Mayun 2020, da korona ta tsayar da tafiye-tafiye, shugaban Airbnb, kamfanin da ke haɗa matafiya da masauki ta intanet, Brian Chesky, ya sallami kusan mutum 1,900, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Ya rubuta musu doguwar wasiƙa ya bayyana yadda cinikin ya faɗi da yadda aka yanke shawarar, ya ce ba laifinsu ba ne. A Amurka an ba su albashin mako 14 da ƙarin mako guda kan kowace shekarar aiki, an bar musu kwamfutocinsu, an kuma buɗe shafin da wasu kamfanoni za su duba su ɗauke su. A Disambar 2021 kuwa, shugaban kamfanin Better mai ba da rancen sayen gida a Amurka, Vishal Garg, ya tara kusan mutum 900 a Zoom, cikin 'yan mintoci ya ce musu duk wanda ke cikin wannan kiran aikinsa ya ƙare daga yanzu. Daga baya ya ba da haƙuri, amma har yau in aka ambaci sunansa wannan kiran ake tunawa. Chesky ya sallami ninki biyu na abin da Garg ya sallama, amma shi ake misali da shi a matsayin wanda ya iya rabuwa da mutane.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Accra. Twitter ya zaɓi Ghana a matsayin cibiyarsa ta Afirka, ya ɗauki mutanen da ba su kai 20 ba. Kwanaki kaɗan bayan sun tare a sabon ofis, a Nuwamban 2022, sallamar da Elon Musk ya yi wa kusan rabin ma'aikatan kamfanin ta rutsa da kusan dukkansu. Sai da suka ɗauki lauyoyi, suka shafe fiye da shekara suna bibiya, sannan a farkon 2024 aka ji an biya su. Mutumin da ya sayi kamfani kan dala biliyan 44, haƙƙin mutum goma sha wani abu ba zai gagare shi ba. Abin da ma'aikacin Afirka ya karanta a ciki shi ne yana nesa, kuma kukansa ba ya isa inda ake yanke hukunci.

Dalilin da ya sa wannan ma'auni ya fi nauyi a Najeriya fiye da Amurka ko Turai shi ne babu abin da ke tare mutum idan ya faɗo. Ba mu da alawus na marasa aiki. Dokar ƙwadago, wadda asalinta tun zamanin soja ne a shekarun 1970, ta ce a sashe na 20 idan za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu, a fara da wanda ya zo ƙarshe tare da la'akari da cancanta, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Ba ta faɗi nawa ba. Wa'adin sanarwar da ta tanada mako ɗaya ne ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, wata guda kuma sai wanda ya shekara biyar. Abin da ya fi wannan, wanda dokar ke kira ma'aikaci shi ne mai aikin ƙarfi ko na akawu. Ta cire masu aikin gudanarwa, na fasaha da na ƙwararru. Ke nan mai rubuta manhaja ba shi da mafaka sai takardar da ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi, ranar da murna ba ta bar shi ya karanta ba. Gaskiya ne gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duba rashin adalci a wurin aiki, har da amfani da ƙa'idojin duniya, kuma hedikwatarta tana nan Garki. To amma wanda kuɗin hayarsa ya kusa ƙarewa, da me zai ɗauki lauya ya jira shari'a?

Maganar haya ba ƙaramar magana ba ce a garin nan. Mai gida a Gwarinpa ko Kubwa ko Lugbe kuɗin shekara yake karɓa dunƙule. Wanda aka sallama saura wata biyu hayarsa ta ƙare, bambancin a ba shi albashin wata uku da a ba shi na mako guda shi ne bambancin ya zauna ya nemi wani aikin da ya kwashe kaya ya koma Zariya ko Gombe. Ga ƙanne a makaranta, ga iyaye da aka saba tura wa na cefane duk ƙarshen wata, ga inshorar lafiya da ake yankewa ranar da aka rufe masa imel, watakila matarsa na da ciki.

Shi ya sa kalmar nan da shugabannin kamfanoni ke so, "mu nan iyali ɗaya ne", ta zama abin dariya a bakin ma'aikata. Da ita ake sa mutum ya amsa saƙon oga ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya yi aiki ranar Lahadi, ya haƙura da albashin da ya makara. Ranar sallama kuma sai a turo masa wasiƙar da lauya ya rubuta, oga ya kashe waya. A 2022 mun ga yadda matasan Najeriya suka cika Twitter da labaran muggan shugabanni a wurin aiki, da zagi da wulaƙanci a gaban jama'a. Abin da na lura da shi a irin waɗannan labarai shi ne ba a cika kuka da yawan aiki ba. Ana kuka ne da ƙarya: an tara ma'aikata an ce akwai kuɗin da zai kai shekara biyu, bayan wata ɗaya aka sallami rabinsu. An ce ba kuɗi, sai ga oga da sabuwar mota. Wanda ya fara yanke nasa albashin kafin ya taɓa na ƙananan ma'aikata, ko ya gaza daga baya, za ka ji ana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa.

Su ma waɗanda sallamar ta tsallake alƙalai ne, kuma hukuncinsu ya fi ciwo ga kamfani, domin su ba sa magana. Sun ga yadda aka yi wa abokin zamansu, washegari sun gyara takardunsu. Waɗanda suka fi ƙwarewa su ke fara tafiya, tunda yanzu daga ɗaki a Jabi mutum zai iya yi wa kamfanin Jamus ko Kanada aiki.

Akwai abin da za a iya cewa a madadin masu kamfanoni. Wanda aka ɓata wa rai ya fi ɗaga murya, kuma ana samun wanda aka sallama don sakacinsa ya fito yana ɓata sunan mutane. Ƙaramin kamfani mai mutum 20 a Wuse ba shi da aljihun Meta da zai ba da albashin mako 16. Na yarda. Amma faɗin gaskiya da wuri ba ya buƙatar jari, haka kallon mutum ido da ido, haka rubuta masa takardar shaida mai kyau ko kiran abokin kasuwanci a ce "ga yaro mai ƙoƙari, ku duba shi". Akwai kuma abin da ba alfarma ba ne ko kaɗan. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10, a cire wa ma'aikaci kashi 8, a tura cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi. Wanda ya yi wata huɗu ba aiki yana da damar cire kashi 25 na abin da ya taru. A lokacin ne wasu ke gano an yi ta cire musu ba a turawa. Wannan ba matsin tattalin arziki ba ne, cin amana ne.

Mu ma muna da namu laifin. In aka sallami ɗanmu, abin da muke fara ce masa shi ne "rabonka ne ya ƙare a wurin, ka yi haƙuri". Gaskiya ne arziki na Allah ne, amma addinin da ya koya mana haka shi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Kunya da gudun a ce mutum ya cika rigima sun sa da yawa na barin albashin wata biyu ko uku a hannun wanda ya fi su ƙarfi. A Nairobi, masu tace abubuwan da ake wallafawa a Facebook, cikinsu har da 'yan Najeriya masu duba na Hausa, ba su haƙura ba da kamfanin Sama ya sallame su a 2023. Su fiye da 180 suka shigar da ƙara, kotunan Kenya kuma suka ce ana iya gurfanar da Meta a ƙasar duk da ba shi ya ɗauke su kai tsaye ba.

Gwamnatin tarayya ta sa hannu kan dokar sababbin kamfanonin fasaha a Oktoban 2022, ta kuma ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani. Matasanmu na Arewa da dama sun shiga. Idan sun gama suka samu aiki, dokar ƙwadagon da ke ƙasa a yau ba ta lissafa yawancinsu cikin waɗanda take karewa ba, kuma gyara wannan sashe aikin Majalisar Tarayya ne.